Motar Gawa ta Malam Mati

Tun da aka sayar da hanyar kwalta, ƙofar birni ba ta buɗe wa mutumin ƙauye sai in gawa ya ɗauko. Shi ya sa Malam Mati bakanike ya ɗora bodin motar gawa a kan tsohuwar a-kori-kura, ya sa mata tayoyin tarakta saboda hanyar daji.

Yana waldar ƙarshe Kande ta iso da mijinta a amalanke, tari na neman tsaga masa ƙirji.

"Malam, asibitin birni za ka kai mana shi."

"Kin zo da likkafani? Na'urar ƙofar nan tana jin numfashi. Na yi wa bodin rufi biyu, amma tari ba ya ɓoyuwa. Sai ya daure."

Suka naɗe shi, suka shiga daji. Duk ramin da suka faɗa sai ya yi tari, Kande tana ba shi haƙuri.

A bakin ƙofa ya yi tsit. Fitilar na'ura ta yi kore, ƙarfen ƙofa ya ɗaga.

Kande ta ce, "Mun wuce, maigida. Yi tarinka."

Likkafanin bai motsa ba.