Gidajen Lemo Biyar Tsakanin Kotonu da Lome

Zalihatu tana ɗura zoɓo a kwalabe a shagonta na Dogon Dutsi sai Munkaila direban kamiyo, babbar motar kaya, ya yi sallama, ya ajiye mata takarda. Sunayen ƙananan gidajen haɗa abin sha ne guda biyar, duk a bakin teku tsakanin Kotonu da Lome. Ta daɗe tana son ganin yadda suke rufe kwalba abin ya yi wata bai lalace ba, domin nata kwana biyu yake tsami. Munkaila ya ce zai kai ta a motarsa.

Ta karanta a hankali, ta ja layi a kan biyu.

"Waɗannan giya suke dafawa. In Baba ya ji na taka can, ya gama da ni."

"Su suka fi iya aikin," in ji Munkaila. "Amma a bar su. Ukun sun isa."

Ta ninke takardar ta miƙa masa, ba ta dube shi ba.

"Har ukun ma. A matsayin mi zan shiga motarka kwana shida, Malam Munkaila?"

Bai karɓa ba. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannunsa.

"Baffannina suna zauren Babanki tun hantsi, neman aurenki ya kawo su. Na ce su jira, kada su buɗe baki sai na ji daga gare ki."

Zoɓon ya cika kwalba ya zubo mata a yatsu. Ta ajiye mazurarin, ta goge hannu da gefen zane.

"Kira su," ta ce. "Bai kamata a bar manya zaune ba."