Buzaye Goma Sha Ɗaya

Tun da aka fito da na'urar da ke riƙe muryar mutum ta yi zikiri a madadinsa, muridan zawiyar suka koma birni ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya bar tasa a kan buzunsa. Malam Zubairu kaɗai ya rage. Shi ke shimfiɗa farin ƙyalle kullum, ya zauna cikin da'irar muryoyi.

Ranar Talata ya kira Sallau, injiniyan na'urorin. Sallau ya duba su kaf.

"Baba, lafiyarsu ƙalau. Me ka ga sun yi?"

"Jiya a wazifa na tsallake layi guda. Da gangan." Ya nuna buzun da ke damansa. "Shekara talatin Malam Haladu bai taɓa barina na wuce da kuskure ba, sai ya yi gyaran murya. Jiya ko gezau bai yi ba."

"Ai wannan mai sauƙi ne, Baba. Yanzu zan saka wa na'urarsa gyaran muryar."

Malam Zubairu ya daɗe yana kallon buzun. Sannan ya jawo akushi ya buɗe.

"Bar shi. Wanke hannunka dai mu ci. Tuwon ya yi mini yawa."