Furen da Ta Zo da Shi

Mai saurin hannu, tsaya ka ji misalin wani manomi. Ranar da aka kawo masa amaryarsa daga wani gari mai nisa, a cikin kayanta akwai ƙullin tsumma, a ciki kuwa irin wani fure ne mai ruwan ɗorawa, wanda masu sayar da furanni ke kira marigol. Ta shuka shi a gindin katanga kusa da randa. Kowace shekara sai ta bar kawunansa su bushe a jiki, ta murje su a tsumma ta rataye, ruwa na sauka ta zube irin duka a ƙasa, ba ta rage ko ƙwaya. Shi kuwa gogan bai taɓa yaba furen ba, kullum mita yake wai warinsa na bin hannunta har cikin tuwo. Da Allah ya karɓi abarsa a tsakiyar wata damina, sai ga mai mitar nan yana zama a gindin katanga da yamma, yana murza ganyen a yatsa yana shinshinawa, kewarta na cin ransa. Abu biyu ta bar masa masu rai a gidan: furen nan da wata farar kyanwa da ta saba kwanciya a ƙafafunta.

Wata safiya ya tarar da kyanwar tana amai, yawu na dalala, ga ganyen furen a gefenta duk ta tattaune. Hankalinsa ya tashi, ya ce ba zai yi rashi biyu a shekara guda ba. Bai tambayi kowa ba ya ɗauko fartanya ya tumɓuke furen kaf, alhali kawunan duk ɗanyu ne, ya tara ya zuba kara ya cinna wuta. Kafin gari ya sake wayewa kyanwa ta warke sarai, har ta kama ƙadangare. Ranar kasuwa ya ba malamin dabbobi labari, yana jiran a yaba masa. Malamin ya ce ai furen nan ɓata wa kyanwa ciki kawai yake yi idan ta ci, ya wuce da kansa, shingen ƙaya ma ya isa ya raba su. Sannan ya tambaye shi, “To, ka dai ajiye iri ko?” Manomin ya juya ya bar kasuwar. Ya koma gida ya sauko da tsumman, ya kakkaɓe, ya juya ciki waje, bai sami komai ba sai ƙura.

'Ya'yansa sun sayo masa wasu furannin daga birni, manya-manya masu kyau, ya gode musu ya dasa, amma ya san ba hannunta ne ya tara irinsu ba. Tun daga nan, duk shekara idan ruwan farko ya sauka, sai ya tsuguna a gindin katangar, kyanwar na goga masa jiki lafiyarta ƙalau, yana duba ko wata ƙwaya ta tsira daga wutar. Duk tsiron da ya fito ba ya bari a cire, sai ya yi ta ba shi ruwa har ya girma ya nuna kansa ciyawa ce.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.