Jan Fim da Fuskar Inna

Kai da ba ka iya barin aiki sai ka yi masa ƙari, zauna ka ji abin da ya sami wani mai ɗaukar hoto, tun zamanin da ake zura fim a kyamara, a ɗauka, a kai birni a wanke. Gwani ne, wannan ba musu, sai dai shegen son a ce ya fi kowa. Wani falke ya taɓa kawo masa naɗi uku na wani fim na gwaji, wanda wani kamfani a ƙasar waje ya fitar, ya ga bai karɓu ba, ya daina yi. Fim ne mai abin mamaki: ganye ya fito ja wur, sama ta koma ruwan zuma. Ya yi ɗauka da naɗi biyu aka wanke, ya liƙa hotunan a ƙofar shago, mutane suka yi ta tsayawa suna salati. Na ukun ya ɓoye a akwati har shekara biyar, wai sai ranar da ta isa.

Mahaifiyarsa kuwa ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Da ya ɗago kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Da jiki ya fara ƙi, ita da kanta ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, zo ka ɗauke ni sau ɗaya, jikokina na Kumasi su san kamannina." Ta sa kwalli, ta ɗaura zanen saƙin da ta daɗe tana adanawa, ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida. Fim irin na kowa da kowa yana nan jibge a shagonsa, wanda bai taɓa ba shi kunya ba. Amma gogan naka ya ce a ransa, uwar gwani ba za ta fito kamar uwar kowa ba. Ya zura na ukun nan, ya danna sau ɗaya, ta tashi ta shige ɗaki.

A birni masu wanki suka juya naɗin suka miƙo masa abinsa. Ashe fim ɗin da nasa maganin wankin yake tafe, kuma a shekarun nan biyar ɗan maganin da ya rage bayan an daina fim ɗin ya ƙare. Ya shiga wannan gari ya fita wancan, mako uku yana yawo, bai samu ba. Yana can aka aiko masa Inna ta cika. Bayan sadakar bakwai ya ce a wanke da maganin da ake da shi, in ya so ko me zai fito ya fito. Kaico! Darbejiya ta fito ja, ganye ɗaya-ɗaya, kyau kamar me. Zanen saƙi ya fito, har zarensa ana gani. Inda fuska take kuwa, baƙin dabbare ne, ba ido ba hanci.

Ƙanwarsa da ta zo ta'aziyya daga Kumasi ta karɓi hoton, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Yaya, ina Inna?" Mutumin da ya ɗauki fuskar rabin garin ya karɓi hoton daga hannunta, ya jefa a akwati ya rufe.

To ka ji. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce garin neman gira an rasa ido.