Jirgin da Hajiya Hassia ta fi tsana

Da bayan cokali Hajiya Hassia ta ture takardar tallan farko, kamar wadda ta ga mushen ɓera a kan teburinta.

Takardu uku ɗiyarta Safa ta taho da su daga Paris, na kamfanoni uku masu manyan jiragen ruwan shaƙatawa, irin waɗanda ke tashi daga Marseille su zaga teku. Akwai shuɗiya, akwai ja, akwai mai ruwan zinariya. Safa ma'aikaciyar jinya ce a Saint-Denis da ke gefen Paris, kuma shekara biyu ta yi tana tattalin wannan tafiya. Ba tekun ne ya dame ta ba. Kwana goman take so, ita da uwarta a ɗaki ɗaya, don tun da ta yi wayo ba ta taɓa samun hankalin matar nan na kwana goma a jere ba.

Kowa a unguwarsu ta Minguettes ya san Hajiya da fataucin Dubai. Wata bakwai tana can, wata biyu tana gida tana ramuwar barci. Ƙanwarta Huseina ce ta raini Safa. Tsarabar ma abin haushi: 'yan mitsi-mitsin sabulai da farin silifas, kowace dawowa. Yanzu ciwon baya ya zaunar da ita a gidanta da ke hawa na goma sha ɗaya, amma bakin yana nan da kaifinsa.

"Wannan shuɗiyar, Mama, abinci kala arba'in," in ji Safa. "Ki ci iya cinki."

"Kala arba'in mi? Kazar ran Litinin ce. Talata a yanyanka ta cikin salatin ganye, Laraba a niƙe ta cikin miya a raɗa mata sunan Faransanci. Ga mutane na tari bisa tire, ga mai sa hannu ya ɗauki nama ya shinshina ya maida."

Safa ta ajiye kofin shayinta. Ta jawo jar takardar, ta nuna ɗaki mai baranda, gado fari ƙal yana kallon ruwa.

Hajiya ta ja tsaki. "Ki ɗaga katifar tukuna. Bargon saman nan sai ya yi wata uku bai ga ruwa ba. Kofin da za ki kurkure baki kuwa, tsumman da ya goge madubi shi ya goge shi."

Haka take. Wadda ta saba da otal-otal ɗin Larabawa, abin kowa ƙazanta ne a idonta. Safa ta haɗiye fushinta, ta turo ta ƙarshe, wadda ta fi duka tsada. A wannan komai na cikin kuɗin tikiti, har da mai hidimar da ke zuwa ɗaki sau biyu a rana. Wannan tafiyar ce Safa ta sa wa rai tun farko.

Wannan, ko da cokalin ma Hajiya ba ta taɓa ta ba.

"Ko kyauta aka ba ni, ba ni shiga. Masu kuɗin da ke hawan shi sun hi kowa ƙazanta. Mutum ya sha ya yi tatil, ya yi amai bisa kafet, ya tsallake abinshi ya tahi rawa. Ki zuba gumin shekara biyu don ki kwana cikin warin jabel ɗin wanke ƙazanta? Riƙe kuɗinki, ɗiyata."

"Wato Dubai kaɗai ta isa ki bar gida dominta," in ji Safa.

Hajiya ta ɗauko man kaɗanya tana cuɗa tsattsagaggun hannuwanta, idonta a kan taga.

Abin ya kai wa Safa wuya. Ba labarin katifa da amai ne ya fi tayar mata da zuciya ba, girman kan ne. Kasuwa ta cinye mata uwa tun tana ƙarama, yau ta kawo iyakar abin da ƙarfinta ya kai, an yatsina masa fuska. Ta tattara takardunta ta kama jirgin ƙasan la'asar. Kafin ya isa Paris ta yanke shawara: za ta yanki tikitin. In Hajiya ta gan shi a hannu ta sake cewa a'a, shi ke nan, ta daina bin ta.

Washegari ta sauka unguwar Barbès, ta ratsa masu sayar da jakar waya a ƙarƙashin gadar metro, ta shiga ofishin Malam Illiassou mai yankan tikiti. Gaisuwar ma a gajarce ta yi ta.

"Mai ruwan zinariyar nake so, mutum biyu."

Da gangan ta zaɓi wanda uwarta ta fi zagi. Ta miƙa masa hoton fasfon uwarta da ke cikin wayarta. Malam Illiassou ya shigar da suna da ranar haihuwa a shafin kamfanin, ya dakata, ya gyara tabarau ya sake dubawa.

"Kin yi sa'a, ɗiyata. Sun rage ma Hajiya kusan rabin kuɗin."

"Ragin mi?"

Ya juyo mata da allon kwamfutar. Ga fuskar uwarta nan tana da sauran ƙuruciya, cikin rigar aiki ruwan toka, a ƙasa an rubuta: tsohuwar ma'aikaciyar jirgi, gyaran ɗakuna da wankin bayan gida, bene na tara, shekara goma sha huɗu.