Ranar da Mai Tukwane Ta Danne Surukinta

Ke Tasalla, wannan ma abin tambaya ne? Da girmanki, da goyonki, ki zo ki tsuguna gabana wai ko ya dace ki je asibitin sha-ka-tafi a koya miki farfaɗo da wanda numfashinsa ya ɗauke, wai akwai maza a wurin, kina jin nauyi. Ni ban taɓa shiga aji ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi, amma irin wannan tambaya ba ta taɓa fita daga bakina ba. Za ki je. Gyara goyon nan kar ki karya wa yaro wuya, ki ji wani misali.

An yi wata mai ginin tukwane a wani ƙauye, mace mai kunya ta gaske. Shekara goma sha biyu tana gidan miji ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, ko gyaɗa ba ta taɓa taunawa a gabansa ba. In ta hango shi tafe, sai ta cire takalmi ta ratse cikin gero. Wata rana ma'aikatan lafiya suka zo da mutum-mutumin roba, rabin mutum ba ƙafafu, suka shimfiɗe shi a gindin tsamiya. Suka ce duk wanda aka tsamo daga ruwa ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa a hura masa iska, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji a yi ta dannawa da ƙarfi, wani kuma ya ruga neman mota. Matan gari suka rufe baki da mayafi suna ta dariya. Ita kuwa ta durƙusa ta gwada. Hannun da ya saba cuɗa yumɓu ai ƙirjin roba ba zai gagare shi ba. Da malamar da ke koya musu ta ce a ƙara sauri, sai ta ɗauko saurin luguden mata uku a turmi ɗaya, malamar ta ce yauwa, haka ake so. Surukin nan, tsohon manomi mai baki, yana kan dakali da goronsa yana kallo. Ya ce shi kam ya ga ƙarshen duniya, matan aure sun koma wasan 'yar tsana.

Damina ta kankama, kududdufin da ake haƙar yumɓu ya cika fal. Wata hantsi tsohon ya kai jakinsa shan ruwa, jaki ya fizgi igiya, santsi ya kwashe tsoho ya zurma cikin rami. Kafin samari su tsamo shi numfashinsa ya ɗauke. Sai aka shiga yin abin da aka gada. Wani ya mirgino turmi a kifa tsohon a kai ruwa ya fito, wani ya ce a'a, a riƙe ƙafafunsa sama, wata ta tura masa albasa a hanci, tsofaffin mata kuwa har sun warware mayafi za su lulluɓe shi, an fara salati. Mai tukwane tana can bayan mutane da kwandon yumɓu a ka, inda ya kamata suruka ta tsaya. Ta ga kowa na kai da kawowa, babu mai taɓa ƙirjin. Ta san abin yi. Ta kuma san in ta yi, sai gari ya shekara da ita a baki. Sai ta jefar da kwandon. Ta shure turmi, ta kori wani saurayi neman mota, ta daka wa mijinta tsawa a gaban jama'a, shi da ko sunansa ba ta faɗa: "Ɗaga haɓarsa, toshe hancin, hura!" Ta yage wa tsoho riga tun daga wuya, ta ɗora hannu ta fara lugude. Ɗankwalinta ya faɗi cikin laka, ko waiwaye. Ita ta danna, miji ya hura, ita ta danna, miji ya hura, har gwiwoyinta suka nutse. Can sai tsoho ya yi wani tari irin na akuya, ya amayo ruwa haɗe da goron safe. Ta juya shi gefe guda, mota ta zo, aka tafi da shi asibiti.

Bayan kwana huɗu ya dawo da haƙarƙari ɗaya a tsage, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Tsofaffin matan nan suka zo yi masa sannu, suka zauna, suka kawo ƙara. Wai yarinyar ta zubar da mutuncin gida, kai ba ɗankwali, ta haye ƙirjin uban mijinta, ta kuma lalata masa rigar kasuwa. Tsoho ya so yin dariya, haƙarƙari ya hana. Ya dafe gefensa ya ce, "Ku mayafin rufe gawa kuka kawo mini, ita riga ta yaga. Ku bar ni da yagaggiyar rigata." Suka tattara takalmansu suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Kunya ado ce, ni ma da ita na tsufa. Amma Hausawa da suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sun san abin da suka gani.

Ku kuma yara 'yan jakar uba da kuka miƙe kunnuwa kamar zomaye, wa ya ce da ku nake? Ku tashi ku yi fitsari ku kwanta. Wanda ya jiƙa mini tabarma, shi zai kai ta rana gobe a bisa kansa.