Zobe a Tanderu, Sanda a Firji

Gudrun Maute ta buga wasu ƙarafa biyu a teburin kotu har alƙali ya ɗago kai. Zobe ne da 'yar sanda, su ne ke jin nauyin kaya a cikin sikelin da masana'antarta ke ƙerawa. Ba walda, ba noti. Ana gasa zoben ya buɗe, a sanyaya sandar ta tsuke, a zura ta ciki, shi ke nan sun riƙe juna.

A kan wannan haɗin tsoho Ottmar Schaible ya maka ta kotu. Ya ce dabararsa ce, ga rajistar mallakarta da ya yi, ita kuwa ɓarauniya ce. In ya yi nasara, injinanta sun tsaya, sai ta rufe ƙofa.

Mu mutanen Swabia, a kudancin Jamus, an san mu da taurin kai, amma na waɗannan biyun ya wuce misali. Hatta cije leɓen da suke yi in ransu ya ɓaci iri ɗaya ne. Ni dai da ke zaune cikin 'yan kallo, duka haushinsu nake ji.

Dokar ba ta da kwana-kwana. Wanda ya nuna wa bare dabararsa kafin ya yi rajista, dabarar ta zama ta kowa. In na gida ne ya gani, sirri bai fita ba. Gudrun ta rantse ta ga haɗin tun kafin rajistar, a kicin ɗin tsohon, zobe a tanderun burodi, sanda a firji kusa da man shanu. Tsohon bai musa ba.

Lauyansa ya yi ta masa raɗa, yana lallaɓa shi kamar mai ba yaro magani. Sai alƙali ya tambayi tsohon, mece ce matar nan a wurinsa.

"Ba komai," in ji shi. "Wadda ta tsallake masana'antata ta buɗe tata a tsallaken titi? Ban haɗa komai da ita ba. Bare ce, jiya da yau."

Lauyan ya dafe kai. Alƙali ya sake tambaya, tsohon ya maimaita har da dukan tebur. Aka soke rajistar.

A bakin ƙofa ma'aikatanta na ta murna, ita kuwa ta wuce su cike da baƙin ciki. Ta sha gaban tsohon.

"Wato ka gwammace ka rasa aikin rayuwarka da ka ce ni 'yarka ce, Baba?"